Yadda Za Ka Kare Injinka Daga Jabun Kayan Haidirolik: Jagora Ga Masu Tifa, Tarakta Da Katafila A Sakkwato

Duk wanda ya saba bin hanyar Kalambaina da sassafe ya ga yadda manyan injuna suka ɗauke wa Sakkwato aikin ƙarfi. Ga tifofi sun ɗebo yashi daga bakin gulbin Rima, ga katafiloli suna haƙar dutsen da masana'antar siminti ke ci tun da ta fara aiki a 1967, ga motocin haƙa rijiyar burtsatse sun nufi Arkilla da Mabera da Kwannawa. In ka fita fadamun Kware da Wurno da Goronyo kuwa, tarakta ce ke ɗaga garma tana saukewa. Waɗannan injuna duk jininsu ɗaya, wato man haidirolik, wanda famfo ke turawa cikin tiyo har ya ɗaga abin da ƙarti ɗari ba su iya motsawa.

Wata rana da bazara ina zaune a wani gareji a bayan gari, aka ɗaga bodin wata tifa don a duba ƙarƙashinta. Yaron gareji ya shiga, ya fito ɗauko sifana. Bai yi taku uku ba muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Tiyo ya fashe, mai ya yi feshi, bodi ya faɗo kan shasi da nauyinsa duka. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Kwanan tiyon tara da ɗaurawa. Da maigidan garejin ya yanka shi, rubutun jikinsa na cewa saƙar waya biyu gare shi, amma guda ɗaya muka gani a ciki. Tun daga ranar na ƙudurta rubuta abin da na sani game da wannan masifa, domin jabun kayan haidirolik ba ya mutuwa shi kaɗai. Yakan tafi da famfo, ya tafi da jarin mai injin, wani lokacin ya tafi da rai.

Ka fara sanin ƙarfin da kake wasa da shi

Sirrin haidirolik shi ne mai ba ya matsuwa. In ka danna shi a wuri ɗaya cikin rufaffen bututu, ƙarfin zai isa ko'ina daidai wa daida. Wani masani ɗan Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana wannan ƙa'ida a ƙarni na 17, sannan Joseph Bramah ya ƙera injin matsa kaya da ita a Ingila a 1795. Har yau a kanta tifa da tarakta suke aiki.

Ana auna ƙarfin matsin da ma'aunin da ake kira bar. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 2.5 ba. Haidirolik na tarakta yana aiki a wajen bar 180 zuwa 200. Katafila mai haƙa tana kaiwa bar 300 zuwa 350. Ma'anar bar 200 ita ce, duk wurin da bai wuce faɗin farcen yatsanka ba a cikin tiyon yana ɗauke da nauyin kilo 200, buhun siminti huɗu ke nan. Silindar da faɗin cikinta ya kai santimita 10 tana iya tura kusan tan 16 a wannan matsi. To ka ga kayan da zai riƙe irin wannan ƙarfi ba a sayensa da kyan kwali.

Abu na biyu shi ne man yana zagaye injin gaba ɗaya. Daga tanki zuwa famfo, daga famfo zuwa bawul, daga bawul zuwa silinda, sannan ya komo tanki ta cikin filta. Duk ɓurɓushin da ya fita daga rubabbiyar roba ko jabun famfo, mai zai ɗauke shi ya raba wa sauran sassa. Shi ya sa kayan naira kaɗan kan kashe kayan miliyoyi.

Kaya iri huɗu ne a kasuwa

Kafin ka shiga shago, a nan Sakkwato ne ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, ka san cewa abin da za a miƙo maka ba ya wuce ɗaya cikin huɗu.

Na farko shi ne na asali, wanda kamfanin injin ya yi ko ya sa aka yi masa, kamar Caterpillar ko Komatsu ko Massey Ferguson. Na biyu shi ne na wani kamfani daban mai suna da adireshi, wanda ya yi kayan da zai hau injinka kuma ya buga sunan kansa, kamar tiyon Parker ko Gates, ko filtar Donaldson ko Fleetguard. Wannan halattaccen kaya ne, sau da yawa ma ya fi sauƙin kuɗi. Na uku shi ne ɗan Kwatano ko ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga wani injin. In an gaya maka gaskiya kuma an gwada shi, ba laifi a famfo ko silinda, amma kada ka karɓi tsohon tiyo ko tsohuwar roba ko tsohuwar filta ko da kyauta aka ba ka.

Na huɗu shi ne jabu: kayan da aka buga masa sunan da ba nasa ba, ko ƙarfin da ba shi da shi, ko tsohon da aka wanke aka fesa wa fenti aka ce sabo ne. Bambancin jabu da mai araha shi ne ƙarya. Mai araha ya gaya maka iyakarsa, ka san inda za ka sa shi. Jabu kuwa ya ɓoye maka iyakarsa, sai ka dogara da shi a inda ba zai iya ba. Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kayan waje suka yi tsada, masu wannan algus suka samu kasuwa, domin mai injin da aka matsa da tsada kunnensa a buɗe yake ga duk wanda ya ce masa ga mai sauƙi.

Me ya sa Sakkwato ta fi tona asirinsa

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40. Injin da ke aiki cikin wannan rana mansa kan yi zafi fiye da na wanda ke aiki a Jos ko Legas. Masana mai suna da ƙa'idar cewa in zafin mai ya wuce digiri 60, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa, in kuma ya wuce 80 yawancin robobi kan fara bushewa. Da hunturu kuma ga ƙura mai laushi kamar gari, tana mannewa a sandar silinda tana neman hanyar shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jabun roba da jabun filta su ne tsagar. Kayan da zai yi wata shida yana lallaɓawa a wani gari, a nan mako biyu ya ishe shi.

Tiyo

Tiyo mai kyau hawa uku ne: robar ciki da ke jure mai, saƙar wayar ƙarfe a tsakiya, da robar waje. Ƙarfinsa yana cikin wayar. Ka karanta rubutun da ke bin tsawonsa. Dole ka ga sunan kamfani, da lambar ƙa'idar da aka yi shi a kanta, da girmansa, da matsin da yake ɗauka, da lokacin da aka yi shi. In ka ga 1SN ko 100R1, saƙa ɗaya ce. 2SN ko 100R2 saƙa biyu ce. 4SP da 4SH naɗin waya huɗu ne, irin na katafila. Dubi bambancin: tiyo mai rabin inci na 1SN bar 160 yake ɗauka, na 2SN kuwa bar 275. Wanda ya sayar maka da na farko da sunan na biyu ya ɗora maka tiyon da ƙarfin taraktarka ya riga ya wuce nasa.

Ka sa a yanka bakin a gabanka ka ƙirga hawan wayar da idonka. Ka duba ko ramin yana tsakiya, ko kuwa gefe ɗaya ya fi kauri. Ka goga rubutun da yatsa mai ɗan mai, na jabu yakan goge nan take, kuma sau da yawa za ka ga kuskuren harafi ko rashin kwanan wata. Ka lanƙwasa shi kaɗan, in fatarsa ta nuna tsage-tsage ya tsufa a ajiye. Ƙa'idar da Jamusawa ke bi ita ce kada tiyon da aka haɗa ya wuce shekara shida, har da zaman da ya yi a shago.

Kan ƙarfen da ake matsewa a bakin tiyo shi ma abin lura ne. Kowane kamfani yana da awon da za a matse kansa a kan tiyonsa. In an haɗa tiyon wani kamfani da kan da ba a san asalinsa ba, aka matse da ƙiyasi, wata rana zai fizge ya yi bulala. Ka tambayi mai injin matsewa awon da ya bi, ka sa ya auna bayan ya gama. Zaren kan ma iri-iri ne, akwai na Ingila da na Amurka da na mita, suna kama da juna amma ba sa zama da juna. Wanda ya shiga da ƙyar ba naka ba ne. Kada a yi wa kan tiyo walda, kada a ɗaure mai yoyo da robar tayar keke.

Roba

Robobin da ke hana mai zuba, waɗanda makanikai ke kira sil, su ne mafi araha a injin kuma su aka fi yi wa jabu, saboda baƙar roba duk kamarta ɗaya a ido. Wadda aka fi sawa, mai alamar NBR, tana jure zafi zuwa wajen digiri 100. Mai alamar FKM, wadda aka fi sani da Viton, tana kaiwa wajen 200, kuma ta fi tsada. Masu algus kan rina ta farko su sayar da sunan ta biyu, don haka launi ba shaida ba ne. Viton ta gaskiya ta fi NBR nauyi sosai in girmansu ɗaya, kana iya ji a tafin hannu. Kada ka gwada ta da wuta, hayaƙinta guba ne.

Ka duba gefenta, mai kyau sumul take, babu ɓarɓashi babu kumfa. Ka ja ta kaɗan ka saki, ta koma yadda take. In kana da lokaci, ka jefa guda ɗaya cikin man da injinka ke sha ta kwana biyu, ka gwama ta da 'yar'uwarta. In ta kumbura ko ta yi laushi kamar cingam ko ta ƙanƙance ta yi tauri, ka mayar da saitin duka. Kada kuma ka raina robar bakin silinda mai share ƙura, ita ce mai gadin ƙofa a lokacin hunturu.

Filta

Ana auna dattin mai da maikiron. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza 40. Amma tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin famfo 'yan maikiron kaɗan ce, shi ya sa filtar haidirolik da yawa ake yin su don su kama datti mai girman maikiron 10. Dattin da ke kashe famfo ba ka ganinsa, ba ka jinsa a yatsa.

Jabun filta daga waje ba ta da maraba da ta gaskiya. A ciki ne za ka tarar da takarda ƙalilan mai manyan ƙofofi, da gam da zafi ke narkarwa, wani lokacin ma babu ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya in ta toshe. Irin wannan takan yage, ta saki dattin da ta tara tare da guntayen takardarta zuwa cikin injin. Ka ɗora sabuwar a hannu ɗaya, ta asali a ɗaya hannun, ka ji nauyi. Ka leƙa ramin tsakiya da fitilar waya, ka duba zaren da robar bakinta. Dabarar da ta fi kowacce ita ce, duk filtar da ka cire ka yanka ta ka buɗe. Za ka san ingancin shagon da ka saya, kuma in ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a jikin takardar ka san famfonka ya fara cin kansa. Filtar baƙin mai ba ta maye gurbin ta haidirolik ko da zarensu ya zo ɗaya.

Mai

A bakin mutane da yawa man birki da man sitiyari da man ɗaga tifa duk sunansu haidirolik, alhali ba abu ɗaya ba ne. Man birki mai alamar DOT 3 ko DOT 4 ba daga ɗanyen mai aka yi shi ba, in ya shiga tankin tifa yana lalata robobi. Tarakta da yawa kuma suna da nasu man na musamman da giya da birki da haidirolik ke sha tare. Ka bi littafin injinka. Lambar 46 ko 68 da kake gani a jarka kaurin man take nunawa a zafin digiri 40, kuma littafin ne zai gaya maka wanda ya dace da ƙasa mai zafi irin tamu.

Jabun mai yawanci tsohon mai ne da aka tace, ko ɗanyen da ba a zuba masa sinadaran hana cin ƙarfe da hana kumfa ba, aka ɗura a jarkar kamfani. Ka sayi rufaffe, ka duba hatimin murfi da lambar rukuni da kwanan wata. Ka guji na awo daga buɗaɗɗen duro. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bar shi ya bazu: mai tsabta ba ya barin baƙin tabo a tsakiya. Ka ɗiga wani a kan ƙarfe mai zafi sosai kana nesa da fuskarka: in ya yi tsartsatsi akwai ruwa a ciki. Wanda ya yi fari kamar madara ruwa ya gauraye shi, wanda ke warin ƙuna kuma ya riga ya yi aiki a wani injin. In jarka ta ƙare ka huda ta kafin ka yar, domin irinta masu algus ke saye su sake cikawa.

Famfo, bawul da ƙusoshi

Famfo shi ne mafi tsada, nan kuma ake yin babbar cuta. Na gaskiya yana da farantin suna da aka kafe da kyau, mai lambar samfuri da lambar da ta keɓanta da shi kaɗai. Ka ɗauki hoton farantin ka tura wa wakilin kamfanin ya tabbatar kafin ka biya. Ka duba ko an fesa fenti a kan ƙusoshi da tsohon datti, ko akwai sawun sifana a jikin abin da aka ce sabo ne, ko ƙofofinsa a buɗe suke babu murfin roba.

Akwai bawul ɗin tsaro, wanda ke buɗewa ya mayar da mai tanki in matsi ya wuce ƙima. Akwai kuma wanda ke riƙe kaya a sama ko da tiyo ya fashe. Waɗannan biyu rayuka ne a hannunsu, kada ka nemi sauƙi a kansu. In ƙarfin injin ya ragu, kada ka yarda a ƙara ɗaure bawul ɗin tsaro don a samu ƙarfi sai an sa gejin auna matsi an gano ainihin ciwon. Garin neman gira ake rasa ido.

Ƙusoshin ɗaure famfo da silinda suna da lamba a kansu, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, wadda ke nuna ƙarfin ƙarfen, kuma ita ma ana buga ta a kan ƙarfen banza. Kada ka ce ƙusa ce kawai. A ranar 8 ga Satumba 1989 wani jirgin sama da ya tashi daga Oslo zuwa Hamburg ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka mutu, kuma bincike ya gano cewa jabun ƙusoshi ne aka ɗaure jelarsa da su.

Yadda za ka yi saye

1. Ka tafi da lambar kayan daga littafin injin ko daga jikin tsohon, tare da lambar injin kanta. Kada ka tsaya a kan "irin wannan nake so".

2. Ka ji farashi a wuri uku, ɗaya daga ciki ya zama wakilin kamfani, ko da ta waya ne. In wani ya karya kuɗin ƙasa da rabi ya kuma rantse na asali ne, ka tuna araha ba ta ado.

3. Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Alhaji, wannan na asali ne, ko na wani kamfani, ko ɗan Kwatano?" Ka sa ya rubuta amsar a rasit, da sunan kamfanin da lambar kayan da sharaɗin mayarwa. Mai gaskiya ba ya gudun rubutu.

4. Ka duba kwalin: tsabtar bugu, daidaiton haruffa, da ko lambar kwali ta dace da ta jikin kayan. In akwai lambar da ake haskawa da waya ko a kankare, ka gwada ta nan take. Amma ka sani ana kwaikwayon kwali fiye da yadda ake kwaikwayon ƙarfe.

5. Kada ka yi cinikin biri a sama. Kayan da za a turo maka daga Legas ko Nnewi, ka nemi hoton farantinsa tukuna, ka kuma riƙe wani abu cikin kuɗin sai ya iso ka gani.

6. Ka biya bakanikenka ladan aikinsa cikakke, ka raba shi da kuɗin kaya. Maigidan da ke matse ladan bakanike shi ke tura shi neman rara a wurin saye.

Ɗaurawa da gwaji

Kafin a kwance komai, a sauke kaya ƙasa, a kashe injin, a motsa hannayen sarrafawa gaba da baya don matsin da ya rage ya fita. In dole ne a shiga ƙarƙashin bodin tifa, a tokare shi da ƙarfen tokari ko katako mai kauri. Mai ba tokari ba ne. A wanke wurin kafin a buɗe, a toshe bakin duk tiyon da aka cire, kada a ajiye kaya a kan yashi. Sabon tiyo a hure cikinsa, domin yankan da aka yi masa ya bar ɓurɓushi. Kada a murɗe shi, kada a lanƙwasa shi dab da kansa, kada a bar shi yana gugar ƙarfe.

In famfo ne ya mutu, sauya shi kaɗai bai wadatar ba. A juye man duka, a wanke tanki da tiyoyi da silinda, a sa sabuwar filta, in ba haka ba gawar tsohon za ta kashe sabon.

A tayar da injin a hankali ba tare da kaya ba, a motsa kowace silinda sau da yawa har iska ta fita, sannan a sa geji a gwama da abin da littafi ya ce. A makon farko ka sa ido kan alamu biyar: famfo yana kuka ko ƙarar tsakuwa, tanki ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, mai yana kumfa, kaya na sauka da kansa, ko tiyo ya yi ƙulli ko gumi a bakin kansa. Ko ɗaya ka gani, ka tsaya. Ka ajiye ɗan littafi a mota kana rubuta ranar da aka sa kowane kaya da shagon da aka saya. Cikin shekara guda littafin zai nuna maka wanda ke sayar maka da gaskiya.

In mai ya huda fata

Wannan kowane direba da yaron gareji ya kamata ya haddace shi. Hudar da ba ta fi tsinin allura ba a jikin tiyo tana fitar da mai da ƙarfin da ke ratsa fata, har ta cikin safar hannu. Matsin bar 7 kacal ya isa. Saboda haka kada a taɓa laluben yoyo da hannu, a kara guntun kwali a gani.

In tsautsayi ya auku, wurin zai yi kama da cizon sauro, zafin ma da farko ba yawa. Amma man ya riga ya shiga cikin nama yana kashe shi, kuma in aka yi jinkirin awoyi ana iya rasa yatsa ko hannu. Kada a matse, kada a ɗaure, kada a tsaya shafa magani ko zuwa kemis. A garzaya babban asibiti mai likitocin tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a tafi da jarkar man, a gaya wa likita a fili cewa mai ne mai matsi ya shiga, da lokacin da abin ya faru.

In an cuce ka

Kada ka yar da kayan, kada ka yi shiru. Ka ajiye shi da kwalinsa da rasit, ka ɗauki hoto, ka fara komawa wurin mai shago, domin wani shi ma cutarsa aka yi daga sama. In bai saurare ka ba, ka kai wa shugabannin kasuwa da ƙungiyar makanikai ta NATA. Akwai hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971 kuma take da ikon kama jabun kaya, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da dokar 2018 ta samar. Shirun mutum ɗaya shi ke sa a sayar wa mutum goma irin abin da ya cuce shi.

'Yan'uwana masu shaguna, muna zaune ne a garin da Shehu Usmanu da almajiransa suka yi wa'azi a kan algus da tauye mudu. Wanda ya sayar da tiyo mai saƙa ɗaya da sunan mai biyu ya tauye mudu, kuma abin da ya tauye yana iya zama ran ɗan wani. Ku sayar da mai sauƙi in kuna so, amma ku kira shi da sunansa. Ku kuma iyayen gidan gareji, ku koya wa yaranku karanta rubutun tiyo da sa tokari kafin ku koya musu riƙon sifana. Kai kuma mai injin, ka sayi kaya da lamba, ka karɓi rasit, ka gwada kafin ka ɗora kaya, kada ka bar kowa ya shiga ƙarƙashin bodin da ba a tokare ba. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'o'inmu.